Faifan Bingo a Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Yaya Sale ba, ko da kuwa 'yan gidanmu za su bar ni in manta, wanda na san ba za su bari ba.

Ina da wani ƙaton kare, Bingo, mai tsaron lambun tumatirinmu a Watari. Halinsa ɗaya ne marar kyau: idan zaman banza ya ishe shi sai ya hau tauna tiyon ban-ruwa. Da ya huda na uku Baba ya kira ni ya ce, "Habu, in ya ƙara, mafarauta zan ba." Hankalina ya tashi, don ni na raine shi tun yana ɗan kwikwiyo.

Ana haka na ga wani bidiyo a waya: faifan roba mai gurabu-gurabu, a shafa masa abinci, kare ya yi ta lasa har ya manta da ɓarna. Wallahi tsalle na yi. Washegari na hau motar Kano, na yi ta tambaya har na sami shagon da ake sayar da shi. Mai shagon ya fito da wani ɗan ƙarami, na ce masa Bingo haɗiye wannan zai yi. Na zaɓi mafi faɗi, mai kauri, kore shar. (A mota a kan cinya na riƙe shi kamar jariri, ina ta murmushi ni kaɗai.)

Na jiƙa ƙuli-ƙuli na shafa masa, abin kuwa ya yi aiki. Kwana shida ba a taɓa tiyo ba. Ban gaya wa kowa a gida ba, don na san abin da za a ce da wanda ya je har Kano yi wa kare sayayya.

Ana gobe suna na taho da faifan gida, na wanke shi na shanya a kan danga. Da safe Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba da ta zo daga Tsanyawa, ta miƙo mini ƙwaryar fura in kai wa malamai zaure. Ina dubawa na ga abin da ta rufe ta da shi. Faifan Bingo ne.

"Gwaggo, wannan fa..."

"Kai, wuce, Liman na jira. Kun sami faifan zamani kun bar shi a rana."

Ni kuma, don tsabar wauta, na wuce. Na ce a raina zan ɗauke shi da dabara. Ina ajiyewa Liman ya riga ni. Ya yi bismilla ya sha ludayi biyu, sannan ya ɗaga faifan yana jujjuyawa.

"Ikon Allah. Waɗannan gurabun na mene ne?"

Baba ya ce, "Habu ne ɗan boko, shi zai sani."

Ƙarya a gaban Liman ba za ta yiwu ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta Malam, na lasar kare ne."

Liman ya ajiye ludayin a hankali. Ya tambaye ni sau nawa na wanke. Na ce sau ɗaya, amma da sabulu. Wani dattijo ya tashi ya fita neman buta. Ni dai ga kunyar Liman, ga tsoron an gama da Bingo.

Bayan an watse Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Karen bai yi laifi ba, ya zauna. Kai ne ban san wa zan ba ba."

Ranar na wanke ƙwaryar nan sau bakwai, har da ƙasa, mata na kallo suna dariya. Darasin da na koya shi ne, duk abin da kunya ta hana ka faɗa wa Gwaggo a tsakar gida, a zaure za ka faɗe shi, gaban Liman.