Mai Sa Ido a Bakin Gada

Duk wanda ya kwana lafiya a yankin nan, ya tashi ya tarar da takalmansa inda ya ajiye su, to ya gode wa Allah, sannan ya gode wa Babban Mai Sa Ido. Shi ne wakilin Ƙungiyar Ƙasashe Bakwai kan tsaro da bin doka, kuma shi da bakinsa ya ce ba don shi ba da tuni yankin ya kama da wuta. Mutum mai irin wannan matsayi ba ya ƙarya, sai dai ya yi ƙarin bayani.

Ofishinsa na hawa na uku, inda fanka ke juyawa in ta ga dama. A kan teburinsa akwai 'yan tutocin ƙasashen ƙungiyar. Da bakwai ne. Da ƙasashe uku suka fice suka yi sababbin abokai masu jiragen yaƙi, sai ya zare tutocinsu ya jefa a aljihun tebur tare da maganin gyambon cikinsa, ya buɗa tsakanin huɗun da suka rage don kada baƙo ya ga giɓi. Sunan ƙungiyar dai bai taɓa shi ba, domin an riga an sassaƙa hatimi.

Makamansa uku ne, kuma ba ya wasa da su. In aka rufe iyaka, ya nuna damuwa. In aka harba bindiga, ya nuna matuƙar damuwa. In aka kifar da gwamnati, ya yi Allah wadai da kakkausar murya, sannan ya tashi aiki da wuri don muryar ta huta. A bayan idonsa ma'aikata na kiransa Matuƙar Damuwa. A gabansa kuwa sai ranka ya daɗe.

Mutum ɗaya ce ba ta san wannan girma ba, wato yayarsa, tela, wadda ta goye shi yana jariri, kuma har yau Auta take ce masa ko a gaban waye. Ran Litinin ta hau benen nan tana haki, ta zauna ba a ce ta zauna ba. Ɗanta, direban babbar mota, ya tsallaka gadar iyaka da lodin albasa zuwa ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fice, sojojin can suka tsare shi. Kwana goma sha tara ke nan, ba tuhuma, ba kotu, ko muryarsa ba ta ji ba. Shi kaɗai Allah ya ba ta, kuma tsoro ya hana ta barci.

Abin ya ba Mai Sa Ido mamaki ƙwarai. Shi da hannunsa ya manna wa yaron takarda a gilashin mota, da hatimi da komai, mai cewa motar nan tana ƙarƙashin Ofishin Sa Ido, don kada wani mai kaki ya ko kalle ta. Ya gyara zaman tabarau, ya gyara murya.

"Yaya, wannan ba maganar direba ba ce, maganar rinjayen ƙarfi ce a yanki. Sashe na tara na yarjejeniya ya hana tsare mutum fiye da kwana biyu ba a kai shi kotu ba. Saboda haka, a fuskar doka, yaron nan yana gida tun kwana goma sha bakwai da suka wuce."

Ta ce ta duba ɗakinsa da safen nan, ba ya ciki.

A ranar ya nuna damuwa. Ran Alhamis, da ya ga abin na neman wuce gona da iri, ya nuna matuƙar damuwa, har shafi biyu. Ran Asabar da safe ya fito ya tarar da Yaya zaune a cikin motar ofis, jaka a cinya. Ta ce gada za su je. Ya so ya yi mata bayanin cewa diflomasiyya ba a yi mata gaggawa, amma ya tuna hannun da ya goye shi ya san hanyar kunnensa.

Da azahar suka isa. A tsakiyar gadar akwai jan layi da sandar ƙarfe, da wani saje mai sabon kaki irin na sababbin abokai. Mai Sa Ido ya miƙa katinsa da yatsu biyu. Saje ya juya katin gaba da baya, ya ce ƙasarsu ta bar ƙungiyar nan wata huɗu da suka wuce, ko labari bai hau hawa na uku ba?

"Mai sa ido," in ji saje, yana karantawa a hankali. "Mu a gidanmu in aka ce mutum ɗan sa ido ne, ko tabarma ba a ba shi. Amma tunda aikinka ne, tsaya nan bayan layi ka sa."

Yaya kuwa ta nuna ɗan katinta na 'yar ƙasa kamar sauran masu tafiya a ƙafa, aka ɗaga mata sanda ta wuce.

Dokin mai baki ya fi gudu. Mai Sa Ido ya zaro makami na uku, wanda bai taɓa fitar da shi saboda direba ba. Ya fuskanci sandar ƙarfe, ya yi Allah wadai da kakkausar murya. Ya karanta mata sashe na tara, ya yi kira ga ɓangarorin biyu da su kai zuciya nesa, ya gargaɗe ta cewa ƙungiya na bin lamarin sau da ƙafa. Masu dako suka riƙa kewaye shi da kayansu. Wata mai sayar da ruwa ta tsaya ta saurara, ta girgiza kai, ta ajiye masa leda ɗaya kyauta. Awa biyu cur yana tsaye a rana.

Can sai ga Yaya tafe, riƙe da hannun ɗanta. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, amma da ƙafarsa yake tafiya. Mai Sa Ido ya share gumi, ya tambaya wane sashe ne ya karya musu gwiwa.

"Takardarka ce ta jawo masa, Auta," in ji ta. "Da suka ga Ofishin Sa Ido a gilashi, sai suka ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Na rantse wa kwamandansu cewa ƙanena ne ya rubuta, kuma ba abin da ƙanena zai iya yi wa kowa. Ya ƙi yarda. Sai na ce ya leƙa ta taga."

Kwamandan, in ji ta, ya daɗe yana kallo. Daga nan ya kira abokan aikinsa su ma su gani. Sannan ya ba ta haƙuri, ya sa aka buɗe ƙofa.

Ran Litinin Babban Mai Sa Ido ya zauna a tsakanin tutocinsa huɗu, ya rubuta wa hedikwata rahoto. Ya ce an saki wanda ake tsare da shi ne nan take, bayan da hukumomin can suka ga wakilin ƙungiya da idonsu. Ya buga hatimi. A duk rahotannin da ya rubuta cikin shekara goma sha ɗaya, wannan ne kaɗai ba ya buƙatar ƙarin bayani.