Kofin Ruwan Yallaɓai Katanga

Wanda bai taɓa ganin shugaban sashen lafiya na gunduma yana shiga ofis ba, bai ga shiga ba. Tumbi ne ke fara sallama, sai turare, sannan shi kansa ya iso, direba na biye da jakar da babu komai a cikinta sai caja da maganin ƙwannafi. A gabansa Yallaɓai ake ce masa. A bayansa kuwa Katanga, don ba ya rufe jawabi sai ya ce shi ne katangar da ke tsakanin jama'a da cuta.

A ba shi haƙƙinsa. Da aka kawo allurar rigakafin ciwon hanta nau'in A, mai sa shawara, ma'aikatan jinya sun bi makarantu aji aji har suka gama da yaran gunduma, shi kuma ya tsaya tsayin daka wajen ɗaukar hoto. Ga shi nan a bangon ofis, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga haɓa, nas ta kafa masa allura a damtse. Jarumi ke nan. Nas ɗin ce kaɗai ta san ba a cire murfin allurar ba, domin tana taɓa shi gumi ya karyo masa, ya raɗa mata, "Kada a ɓata kayan gwamnati a kaina."

Yana da hujja, kuma kowa a ofis ya haddace ta.

"Ku 'yan zamani da ruwan roba aka raine ku, jikinku bai san komai ba. Mu kuwa ruwan kududdufi muka sha, a kwata muka yi wasa. Cutar nan tun muna rarrafe ta kama mu ta sake mu, ta bar mana garkuwa har kabari. Kimiyya ce ta faɗa, ba ni ba."

Kimiyya ta faɗa kuwa. Wanda ya yi ta yana ƙarami sau da yawa ba a ma lura, kuma ba ta dawo masa. Wanda ya girma bai haɗu da ita ba, shi take kayarwa.

Ana cikin haka ma'aikatar lafiya ta yi alkawarin lambar yabo ga gundumar da ta ƙare shekara ba wanda ya kamu. Mai lamba kuma hedikwata za a mai da shi. Katanga har ya je ya auno tagogin sabon ofis don ɗinkin labule.

Sai cutar ta ɓulla a gundumar maƙwabta, inda ba a yi wa yara allura ba. Ba wanda ya gayyace shi, amma ya je ba su shawara. A kasuwarsu aka nuna masa tankin ruwan da ake zargi. Ya dubi taron, ya dubi mai kyamara, ya ce a miƙo kofi. Ya shanye, ya yi gyatsa, ya bugi ƙirji. Aka tafa.

Bayan 'yan makonni abinci ya daina shiga. Mutumin da ba ya barin komai a faranti ya koma juya cokali. Fitsari ya koma kamar shayin da aka manta a wuta.

"Baban yara, idonka fa," in ji matarsa.

"Hasken labule ne."

Ba ta ja da shi ba, sai ta kira yayarsa a waya. Yaya ta shigo falo ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Auta, buɗe idon in gani."

"Yaya, ni fa shugaban sashe ne. Ina da garkuwa tun ta ƙuruciya, zamanin kududdufi."

"Wane kududdufi? Kai da Inna ke tafasa wa ruwa har na wanka? Mu muka sha kududdufi, kai kana kan kujera da safa a ƙafa. Ranar da ka taka kwata, kuka ka yi har sai da aka goya ka. Kwanta ka huta, Auta, shawara ce."

Ina kwanciya! Washegari ne tawagar ma'aikata za ta zo da lamba.

Ya je da baƙin tabarau, yana dafa kujeru. Ya hau mumbari ya sanar da cewa a ƙarƙashin jagorancinsa ko mutum ɗaya bai kamu ba, ko ɗaya. Shugabar tawaga, wata dattijuwar likita, ta miƙo lamba. Har ya kama gefe guda, mai hoto ya ce, "Yallaɓai, a ɗan cire tabarau, yana mai da haske."

"Haka ma ya yi."

"Cire mana," in ji likita, tana murmushi. "Ai ranarka ce."

Ya cire. Idanun nan sun yi rawaya kamar ɗorawa. Likita ta janye lambar a hankali ta ba na bayanta, ta sa babban yatsa ta ja fatar idon Katanga ƙasa a gaban kowa.

"An yi maka allura?"

Ya nuna hoton da aka kawo daga ofis aka jingine kusa da mumbari. Ta gyara gilashinta, ta sunkuya, ta daɗe tana kallon bakin allurar. Sannan ta miƙe ta hau mumbari.

Jawabinta gajere ne. Ta yaba wa tsarin: yaran gunduma duka lafiya lau, har da nasa da ke kwana gida ɗaya da shi, don an yi musu tasu a makaranta. Cutar ta zagaye gunduma ta rasa ƙofa, in ji ta, sai wuri ɗaya, a jikin katangar.

Da yamma aka ba shi gado a asibiti. Ana buƙatar jininsa don gwaji, sai ga nas ɗin hoto ta shigo da faranti. Ta naɗe masa hannun riga, ta ɗaure damtse, ta rusuna da ladabi.

"Yallaɓai, a yi haƙuri. Wannan karon sai na cire murfin."