Kifin Alhaji Barau

Alhaji Barau, in dai cika baki ne, a ba shi hanya. Tun da ya haƙa ɗan tafkin kifi a bayan gidansa, 'yan majalisar ƙofar gida suka rasa sakat.

"Kifina fa," in ji shi, "in suka yi juyi, har katangar maƙwabta sai ta girgiza!"

Alhali karfasa ce ta hayayyafa ta cika ruwan maƙil. Ga yawa, ba girma, kowace kamar ɗan yatsa. Sai ya faki ido ya je wurin Baba Sallau, wani tsohon masunci, neman shawara.

Baba Sallau ya ce, "Sun yi wa ruwan yawa ne, Alhaji. Sa giwan ruwa guda biyu, su riƙa cinye ƙananan, sauran su samu wurin girma. Biyu fa na ce."

"Biyu? Ni Barau? Ai sai a ce talauci ne!"

Ya je ya zuba ashirin.

Giwan ruwa kuwa ba ta san kunya ba. Suka share karfasa tas, sannan suka juya kan junansu. Shi ko gogan naka har ya gayyaci majalisa ranar Asabar, su zo su ga kamun da ba a taɓa yi ba.

Ran Juma'a ya jefa taru don gwaji. Wayam! Ya sake jefawa. Sai kwaɗo ɗaya, yana zare masa ido.

Asabar da sassafe ya garzaya kasuwar wani gari, ya cika buhu da tarwaɗa masu rai. Ya tsare matar da ke sayarwa da surutu, wai sai ta ba shi gyara. Ta gaji, ta jefa wani abu a buhun, shi ko dubawa bai yi ba. Ya dawo ya nutsar da buhun a gefen tafki, ya danne da dutse.

Jama'a suka hallara, har da Baba Sallau. Alhaji ya naɗe wando, tsundum!

"Ni ba ruwana da taru. Da hannu nake kamu!"

Ya laluba, fit, ga tarwaɗa tana wutsil-wutsil. Aka ɗauki tafi. Ya sake, ga wata. Kai ya kumbura.

"Yanzu za ku ga uwarsu!"

Ya zura hannu har kafaɗa, ya ɗaga sama yana washe baki. Ƙyafaffen kifi ne, baƙi wuluk, a nannaɗe, tsinke soke da jelarsa.

Baba Sallau ya gyara hula, ya ce, "Shekara hamsin ina su, ban taɓa ganin ruwa mai albarka irin wannan ba. Ƙara lalubawa, Alhaji, wataƙila tuwon ma na ƙasa."