Direban Littafi a Falon Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata ba, a gidan surukan 'yata Rabi da ke Nassarawa GRA. Ni da ko kaza ba na iya kora da tsawa, ranar har maigadi sai da ya ji muryata.

Lokacin ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, ina kan littafin labari na farko a rayuwata, ina bin layi da yatsa. Labarin wani direba ne, Ilu, mai haƙurin gaske. Agogon maigidansa ya ɓata, aka ɗora masa, aka ɗaure shi. Ya fito ya tarar mahaifiyarsa ta rasu. Mutumin da ke durƙusa wa kowa ya koma ko sallama ba ya amsawa, ɗan cikinsa ma gudunsa yake. A nan na tsaya da safiyar sunan, na cusa littafin a jaka raina na tafasa.

Rabi kuwa ta riga ta roƙe ni a waya cewa in zauna kawai in yi murmushi, don dangin mijinta komai suna lura da shi.

Muna falo, Hajiya Babba, uwar mijin, ta ga ban taɓa abinci ba, ta tambaye ni ko lafiya. Maimakon in ce lafiya lau, sai na ce zaluncin da aka yi wa wani direba ne ya tsaya min a wuya. Na kwashe labarin Ilu na zazzage musu (kalmar "littafi" kaɗai na manta, don a raina Ilu maƙwabcinmu ne). Murya na hawa, har na ce, "A zubar wa bawan Allah mutunci a kan abin da bai ɗauka ba, sannan a ce ya canza hali? To wa ya canza shi?"

Sai ƙanwar Hajiya Babba ta ajiye cokali.

"Baiwar Allah, in da ni kike, ki fito fili. Wayata dai ba ƙafa ta yi ba."

Ashe kwanan nan ta sa 'yan sanda suka tafi da direbanta kan ɓatan wayar, kowa a wurin ya sani sai ni. Ta dage sai na faɗi wanda ya aiko ni in yi mata habaici a gidan yayarta.

Na tono littafin daga ƙarƙashin sabulun barka, bangonsa duk manja, na nuna musu labarin Ilu a ciki. Dariyar da aka yi har ɗakin mai jego ta kai. Hajiya Babba ta ce, "Allah ya ƙara ilimi, Hajiya." Rabi ta yi mako ba ta kira ni ba.

Amma abin da ke cina har yau ba dariyar ba ce. Da suka ji ƙagagge ne, kowacce ta koma kan farantinta, ba wadda ta tambayi inda wancan direban na gaske yake kwana. Ni ma, mai bakin ɗazu, ban tambaya ba.

Yanzu in zan ba da labari, da "a littafi ne" nake farawa. A GRA sau biyu nake faɗa, don a can mai agogon na iya zama a gefenki tana cin kaza.