Boksi Mai Bakwai Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ɗana Usman ba. Ko da na so in manta, mutanen gidana ba za su bari ba, domin har yau in an zuba shayi aka rasa abin hira, ni ake ɗaukowa.

Ni dillalin motoci ne. Mahaifina auduga ya tsinta a gonakin Jazira, nan ƙasar Sudan, har bayansa ya ranƙwafa. Ni kuwa na taho Khartum ina saurayi, na fara da wankin mota a Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai, na koma miƙa wa makanikai sifana, daga nan na lura cewa wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa ya fi wanda ke kwance ƙarƙashin mota samun na cefane, kuma jallabiyarsa ba ta yin baƙi. Ba a cutata a ciniki. In na ƙwanƙwasa ƙofar mota da yatsa, na san ko ta taɓa yin karo an shafe wurin da fenti. Sai dai akwai wuri ɗaya da wayona ke cire takalmi ya tsaya a waje: lambar mota.

Fuskar mutum takan ɓace mini, lambar motarsa ba ta ɓace mini. Kuma a cikin lambobi, bakwai ce tawa. Motar farko da na yi dillancinta bakwai biyu gare ta a jere, mai saye bai ja ciniki ba, kuma a wannan makon ne aka ba ni Amina. Tun daga nan, in cunkoso ya tsayar da ni, sauran direbobi suna zage-zage, ni ina karatun bayan motoci ina neman bakwai. Limamin masallacinmu na Kalakla ya taɓa jana gefe ya ce wannan camfi ne, in yi hattara. Na ce masa gaskiya ya faɗa, Allah ne ke ba da arziki, ni kallo kawai nake yi. (Hajja Amina kuwa cewa take da za ta liƙa lamba a goshinta, da na lura ranar da ta yafa sabon tob.)

To, Usman ya ga yarinya a Alsawra ta Omdurman, Safiya, 'yar Ustaz Abdalla, tsohon shugaban makaranta. Bahaushe ne ɗan uwanmu, su ma daga Jazira iyayensa suka taso. Ustaz ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya amsa, kuma ba yaron ne matsalarsa ba, ni ne. Labari ya iso mini cewa ya ce bai taɓa ganin dillalin da maganarsa ta safe ke kaiwa yamma ba. Da ya yarda a ƙarshe, sai ya kafa sharaɗi ɗaya a gabana: ana sallame la'asar a masallacin unguwarsu za a ɗaura, limamin zai kama hanyar garin Madani bayan nan, kuma shi bai saba jiran kowa ba. Ya ƙara da cewa in mun ga ba za mu iya ba, gara a bar maganar tun yanzu. Na dafa ƙirji na ce a sahun farko zai same mu, ni da kaina zan ja ayarin.

A nan ya kamata in faɗi wani abu. Na taɓa zuwa gidan, amma Usman ne ya tuƙa, ni kuwa tun daga Kalakla har ƙofarsu lambobi nake karantawa. Ita kuma Alsawra, ga wanda bai san ta ba, unguwanni ne masu lamba da ake kira hara, kuma duk wanda ya raba musu lambobin bai jera su bi da bi ba. Gidajen iri ɗaya, lungunan iri ɗaya. Saboda haka Ustaz ya ce kawun amarya zai jira mu a bakin gada ta ɓangaren Omdurman da farar boksinsa, wato a-kori-kura, mu bi shi kawai.

Ranar muka fito da wuri, kowa ya shaida. (Wannan duk kafin yaƙi ne, lokacin da babbar damuwar mutumin Khartum ita ce cunkoson gada.) Ni a gaba, Hajja Amina a gefena. A bayana babbar motar haya cike da mata, an ɗaure mata ƙyallaye masu launi, yayata Hauwa a ciki rungume da dalluka, gangar da matan Sudan ke kaɗawa a biki. Bayan su motocin 'yan uwa da abokan kasuwa, can ƙarshe ango da abokansa. Muka haye kogin Farin Nilu lafiya, muka tarar da kawun amarya, ya ɗaga hannu ya shiga gaba. Na dubi lambarsa: ba bakwai ko ɗaya. Na ce a raina ba komai, ba shi za a aura ba.

Muna cikin cunkoson Omdurman, keke-napep na kutsawa ta ko'ina, sai wata farar boksi ta shigo tsakanina da kawu. Na kai ido ƙasa kamar yadda na saba. Bakwai, bakwai, bakwai, bakwai. Huɗu a jere.

Shekaruna duka a wannan sana'a, uku na taɓa gani, ban taɓa ganin huɗu ba. Da muka iso mararraba, kawu ya sa sigina ya karya hagu, mai bakwai huɗu ya miƙe. Zan so in ce rikicewa na yi, tunda motocin kamarsu ɗaya. Ban rikice ba. Na san wadda na bi. Lissafina shi ne in cim masa a tsayawa ta gaba, in karɓi lambar wayarsa ta taga, sannan in zagayo. Ai duk hanyoyin nan Alsawra suka nufa. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne dukan dangina suna manne da bayana.

Hajja ta ce, "Abu Usman, mutumin fa ya yi hagu."

Na ce mata wannan ta fi kusa.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara, Usman ne daga ƙarshen ayari. Cikin ladabi ya tambaya ko akwai inda za mu biya. Na ce ya kwantar da hankalinsa, tun ba a haife shi ba nake bin titunan nan. Kawu ma ya kira, na kife wayar. Shi kuwa mai boksin kamar an hana shi taka birki, duk inda na yi tsammanin zai tsaya sai hanya ta buɗe masa. Kafin in farga mun bar babban titi, mun shiga lungunan da ban san ko ɗaya ba.

A nan ne na lura da kayan da ya ɗauko: kujerun roba an jibga, da randunan ruwa. Sai zuciyata ta yi mini cinikin da da wani ne ya kawo mini shi a kasuwa, da na kore shi. Kujeru na nufin taro. Taro a Alsawra, a wannan rana, da wannan lokaci, kuma motar da bakwai huɗu. Ai gidan surukaina zai je. Har na ji tausayin kawu da ya bi doguwar hanya.

Muka sha wata kwana, sai ga babbar rumfa an kafa ta tare titi, maza cike da fararen jallabiyoyi. Na dubi Hajja na ce, "Kin gani?" Na danna oda, motocin baya suka amsa. Motar mata ta tsaya, guɗa ta tashi, Yaya Hauwa ta sauko tana dukan dalluka, mata na biye da ita suna tafi.

Na fito, na gyara rawani, na ɗaga hannun dama sama ina kaɗa yatsu kamar yadda muke yi a biki, ina cewa abshir, abshir, wato albishir, ina rangaji zuwa bakin rumfar. Mazan ciki suka miƙe. Na ji daɗi, na ce ga mutane masu karamci. Sai da na matso sosai na fara lura: ba kiɗa, ba fitilun ado, ba wanda ke murmushi. A gefe wasu na zaune da Alƙur'ani a buɗe, sun ɗago kai suna kallona. Wani dattijo mai farin gemu ya tako gabana, ya ɗaga tafukansa biyu a hankali.

Ya ce, "Al-Fatiha."

Zaman makoki ne.

Hannuna yana nan a sama, yatsun a haɗe. Ban san yadda zan sauke shi ba, sai na ɗago ɗayan ya same shi, na buɗe su biyun. A bayana Yaya Hauwa, wadda ba ta san abin da ake ciki ba, ta kai daidai inda take yabon uban ango, tana kiran sunana da na ubana, don kada wani ya yi shakkar ko wane ne. Na hango Hajja Amina ta tattare tob tana gudu wajenta, abin da ban ga ta yi ba tun muna amarci. Gangar ta yi ɗaya, ta yi biyu, ta mutu.

Da muka shafa, dattijon ya tambaye ni da Larabci, a hankali, daga ina baƙin suke. Na yi tunanin in ce ta'aziyya muka zo, amma ga mota can da ƙyallaye ja da kore. Na ce masa ɗaurin aure za mu, na ɓata hanya. Ya ce wa ya yi mini kwatance. Na nuna boksin da ake sauke wa kujeru, na ce babu, lambar motar can na biyo, saboda ta yi mini kyau.

Ya dubi boksin, ya dube ni. Na ga kafaɗunsa sun fara motsi, ya kai gefen rawaninsa ya rufe baki. Da ya samu kansa sai ya ce mahaifiyarsa ce ta rasu, tsohuwa tukuf wadda ta ga jikokin jikokinta, kuma a rayuwarta ba a taɓa yin biki a harar nan ba ta je ba, a gayyace ta ko kada a gayyace ta. "Yau da ta kasa zuwa," in ji shi, "ga shi bikin ya zo mata har gida."

Mazanmu duka suka fito suka yi ta'aziyya yadda ya kamata, har da ango, wanda ya ɗaga tafukan da suka sha lallen aure yana karanta Fatiha, bai yarda mun haɗa ido ba. Ana miƙo mana ruwa sai ladan ya kira la'asar. A nan na tuna alƙawarin sahun farko. Dattijon ya tambayi gidan wa za mu, da ya ji sunan Ustaz Abdalla ya ce ai shi ya koyar da 'ya'yansa. Ya kira mai boksin, maƙwabcinsu ne, ya ce ya shiga gaba ya kai mu. Haka na sake bin bakwai huɗu, wannan karon da izini.

Mun tarar an daɗe da sallamewa. Mutane na zaune a harabar masallaci, liman riƙe da takalmansa, kawu a tsaye yana huci. Ustaz Abdalla yana bakin ƙofa, hannayensa a baya, kamar yana jiran ɗaliban da suka makara. Usman ya sunkuyar da kai a gefena, na ji numfashinsa. A hanya na tanadi uzurin cunkoson gada, wanda ba mutumin da zai musa shi a garin nan. Amma a sana'ata na koyi abu guda: in mota na da aibi, ka faɗa da bakinka kafin mai saye ya buɗe bonet. Ballantana ina da mota guda cike da shaidu mata.

Na ce, "Ustaz, yaron ba shi da laifi, kawu ma ba shi da laifi. Ni ne na ga lamba mai bakwai huɗu na bi ta, na kai mutanena gidan makoki da ganga."

Ustaz ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Sannan ya ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauraron uzurin makara, ya ji na ciwon ciki, ya ji na mutuwar kaka sau uku daga bakin yaro ɗaya, amma wannan sabo ne.

"Abin da na ji wa tsoro dillali mai ɓoye aibi ne," in ji shi. "Kai kuwa naka a fili yake, ya Haj. Ku yi sallah, liman zai ƙara haƙuri."

Aka ɗaura. Washegari ni da Ustaz muka koma gidan makokin muka yi gaisuwa a natse, shi ya tuƙa. A can mai boksin ya ja ni gefe ya ce in ina son motar ya sayar, domin tun da ya saye ta bai huta ba: inji ya buga, giya ta ƙi, an shigar mata ta baya har ba ya tunawa sau nawa. Na zagaya ta, na ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa. Fenti ne kawai ke riƙe da ita. Na yi masa godiya na ce Allah ya kawo mai rabo.

Ban ce na warke ba, har yanzu idona kan zame zuwa bayan motoci. Abin da na koya shi ne lamba tana faɗa maka wace mota ce a gabanka, ba ta faɗa maka inda za ta. Dangi ma sun koyi nasu darasin. Tun daga ranar, in za a ja ayarin biki, wurina sananne ne: can ƙarshe, bayan motar mata. Na haddace lambarta. Ba bakwai ko ɗaya a ciki, kuma ba ta taɓa ɓatar da kowa ba.