Yadda Za Ka Ɓoye wa Surukarka Cewa Ka Kashe Ta a Kwamfuta

Tunda har kana karanta wannan, na san abin da ya same ka. Ka sa wa sojojinka na wasan kwamfuta sunayen dangin matarka, yanzu an harbe surukarka, gobe kuma Lahadi, za ta tambaye ka labarin kanta. Kwantar da hankalinka. Ni Gideon Pascoe, direban motar ɗaga kaya a wani sito a nan garin Logan, na bi wannan hanya daga farkonta har ƙarshenta. Ina ba ka tabbaci, duk wanda ya bi matakan nan yadda na jera su, asirinsa ba zai taɓa tonuwa ba. Nawa ma sai da ya yi mako uku cur.

1. Ka fara sanin abin da kake tsarewa

Wasan dai ka san shi. Duniya ta ƙone, birane sun zama kufai, 'yan tsirarun da suka rage suna kashe juna a kan rijiyar burtsatse da jarkar fetur. Ka motsa sojojinka shida ka dakata, kwamfuta ta motsa nata, kamar dara. Kuma da yake kai mai ji da kanka ne, ka zaɓi tsarin da ba a komawa baya. Wanda ya mutu ya mutu, sunansa ya hau allon matattu.

Sannan ka yi abin da duk muke yi, ka raɗa wa sojoji sunayen mutanen gida. Ni na sa kaina a ciki, na sa matata Sinalei a matsayin likita, na ba yayanta Peni aikin ɗaukar harsashi. Maharbiyar da ke hawa kan tankin ruwa kuwa, na yi mata farin gashi da fure a bayan kunne, na sa mata Leafa, sunan uwar matata.

Shekara shida ina auren 'yarta, Mama Leafa ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ina zaune a gabanta za ta ce wa Sinalei, "Tambayi mijinki ko zai ƙara gwaza." Ranar da Peni ya fesa mata cewa tana cikin kwamfutata, sai ta juyo ta dube ni.

"Mutum nawa na kashe?"

"Talatin da ɗaya, Mama."

"Kaɗan ne. Ka ƙara ƙoƙari."

Tun daga ranar, kowace Lahadi bayan coci, idan dangi sun taru cin abinci a garejin gidana, ni take kira in ba ta rahoton yaƙi. Matar da tun da aka yi mata aiki a ƙugu sai da sanda take kaiwa bakin ƙofa, a wasa tana hawa tanki a motsi ɗaya. Takan yi dariya har ta share hawaye. Ni kuma, ba zan ɓoye maka ba, daɗin hirar nan nake ji fiye da wasan kansa. Hirar nan kake tsarewa, kada ka manta.

2. Ka ɗora laifin a kan lissafi

Ga yadda abin ya faru a wurina. Ranar Asabar da rana, sojan da ke da sunana ya yi wauta ya fita fili, aka harbe shi a cinya, saura harbi ɗaya a gama da shi. Leafa tana can kan tanki, inda ba mai iya taɓa ta. Sai na sauko da ita, na tsayar da ita a gabansa don ta kakkaɓe wanda ya harbe shi. Kwamfuta ta ce kashi casa'in da biyar cikin ɗari za ta same shi. Leafa ta harba, ta kuskure. Abokan gaba suka yi nasu motsin, mutum uku a kanta, suka kashe ta.

Kada ka yi ihu. Kada ka zare wayar wuta, na gwada, wasan ya riga ya ajiye komai. Abin da za ka yi shi ne ka tashi ka sha ruwa, ka riƙa gaya wa kanka cewa kashi biyar ɗin nan ne ya kashe ta. Idan ka maimaita sau ashirin, za ka kusa yarda.

3. Ka tura ta aikin sirri

Kada ka kuskura ka ce tana asibiti. Tsohuwar da ta kwana goma sha biyu a gadon asibiti bara ba ta son jin kalmar ko da wasa. Ka ce an tura ta leƙen asiri.

"Ina aka tura ni?" in ji Mama Leafa.

"Arewa, Mama. Can bayan hamada."

"Da wa?"

"Ke kaɗai. Ba wanda shugabanni suka yarda da shi sai ke."

Ta gyaɗa kai, ta ce daidai ne. Sai ta ƙara da cewa, "To wa ke tsare muku baya? Peni? Allah ya kyauta." Wannan ƙaryar za ta ba ka Lahadi ɗaya. Kada ka nemi ta biyu da ita, don za a fara tambayar ka ko ta aiko da wasiƙa.

4. Ka ƙera wata

Ɗauki sabon kurtu mace, ka sa mata farin gashi da fure, ka rubuta Leafa. Minti biyu ka gama. Duk mai hankali zai gaya maka haka, kuma duk mai hankali bai san Mama Leafa ba.

Lahadi ta biyu ta ce ta gaji da rahoton baki, a haɗa kwamfutar da talabijin ɗin gareji ta ga kanta tunda ta dawo. Na haɗa. Sabuwar Leafa ta hau tanki, ta auna wani ƙato da ke tsaye a fili kamar bangon makaranta, ta harbi jakin da ke gefensa. Aka mayar mata da harbi ɗaya, ta firgita, ta jefar da bindiga ta shige bayan wata ƙonanniyar bas.

Mama Leafa ta ajiye cokali.

"Ni ce na gudu?"

"Gajiyar tafiya ce, Mama. Arewa da nisa."

"'Ya'ya bakwai na haifa, biyu a ranar guguwa. Ban taɓa ɓuya a bayan bas ba."

A nan ka yi tari, ka ce wuta na wasa, ka kashe talabijin.

5. Ka toshe bakin shaida

Ko yaushe akwai shaida, kuma ko yaushe shi ne wanda ba ka so. Peni ya biyo ni ɗaki da farantin ayaba a hannu, ya tura ƙofa da ƙafa.

"Kwamanda, waccan ba uwata ba ce. Uwata tana da tabo a kumatu tun yaƙin gada. Ina ka kai ta?"

"Haba Yaya Peni, rage murya mana."

"Ka kashe ta ko? Kai! Ashe fuskar salihai kawai gare ka."

Ka ba shi abin da ya nema, kada ka yi ciniki. Peni ya ce shi ya gaji da dakon harsashi kamar jaki, a ba sojansa babbar bindigar nan mai harba roka, kuma ranar Lahadi shi zai motsa kansa da hannunsa a gaban kowa. Na yarda. Mutum mai sirri a wuyansa ba ya da ta cewa.

6. Kada ka bar kowa ya mutu a gaban jama'a

Wannan matakin ka rubuta shi a tafin hannunka. Lahadi ta uku Peni ya zauna gaban talabijin yana murza hannuwa, matarsa tana ɗaukar sa hoto da waya. Na ce masa ya tsaya bayan katanga. Ya ce shi ba matsoraci ba ne. Ya kai sojansa tsakiyar gidan mai, ya jingina da famfon fetur, ya harba roka a kan mutumin da ke taku biyu daga gabansa. Gidan man ya tashi, ba a samu ko takalmin sojan Peni ba.

Aka kwashe da dariya har da masu faɗuwa daga kujera. Mama Leafa ce kawai ba ta yi ba.

"Wawa ne, amma ɗana ne," in ji ta. "Gideon, buɗe allon nan na matattu, mu ga sunansa mu yi masa addu'a."

Na ce allon ya lalace. Sinalei ta ce, "Ga shi can a kusurwa, kawo in danna maka." Matar kirki, ba ta san komai ba. Ta danna. Sunan Peni ya fito a ƙasa. A samansa kuwa ga Leafa, maharbiya, ta kashe ɗari da sha huɗu, ta faɗi a tashar jirgin ƙasa.

Tsohuwa ta karanta da tabarau, ta cire ta sake karantawa. Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen 'yarta.

"Gaya wa mijinki, ba a binne ni a ɓoye kamar kaza. Asabar za a yi mini jana'iza a garejin nan. Shi zai tashi ya faɗi yadda na mutu."

Gaya wa mijinki. Nan na san mun koma gidan jiya.

7. Ka shirya jawabin ƙarya mai kyau

Ka san dangin matarka, ba sa yin jana'iza rabi da rabi ko da ta wasa ce. Mutum arba'in suka zo cikin fararen kaya. Aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi, aka dafa gwaza da madarar kwakwa tukunya huɗu, ga kifi, ga haƙarƙarin rago. Mawaƙan coci suka zo da kansu ba a gayyace su ba. Fasto ya ce shi ba zai sa baki ba, amma ya zo da kwanon tafiya da abinci. Peni yana ta ƙorafi cewa shi ma ya mutu, ba wanda ya kula. Marigayiya kuma tana zaune a kujerar gaba da fure a bayan kunne, tana gyara wa mawaƙa murya.

Na kwana biyu ina tsara jawabina. Na tashi na ce abokan gaba ashirin ne suka kewaye ta a kan tanki, ta kashe sha tara, harsashi ya ƙare, ta rotse na ƙarshen da gindin bindiga. Mata suka fara share ido. Sai na ji sanda ta bugi siminti.

"Sinalei, tambayi mijinki. Allon ya ce a tashar jirgi na faɗi. Ni da ba na sauka daga tanki, wa ya sauko da ni?"

8. Idan ta kama ka, ka ci gaba da musu

Wannan ita ce shawarar masana, kuma ita nake ba ka. Ni dai na kasa. Na dubi takardar hannuna, na ninke ta.

"Ni na sauko da ke, Mama. An harbe ni a cinya, saura kaɗan in mutu. Na ɗauko ki daga inda ba mai iya taɓa ki, na tsayar da ke a gabana. Harsashin da aka yi niyyata da shi, ke kika sha. Sannan na yi miki ƙarya mako uku, don ina tsoron ki daina yi mini magana."

Ta daɗe tana kallona, ni ɗin kaina, ba ta bi ta kan kowa ba.

"Ka rayu?"

"Na rayu, Mama."

"Cinyar fa?"

"Ta warke."

"To mene ne abin ɓoyewa a nan, sakarai? Da ka mutu ina kan tanki ina kallo, me zan gaya wa 'yata? Da ka tambaye ni ma, da ƙafata zan sauko." Ta ɗaga sanda ta nuna takardar. "Jefar da wannan shirme. Sake faɗa musu yadda aka yi, da ƙarfi, na baya ba su ji ba."

Na sake faɗa. Na share ido, na ce hayaƙin gasa kifi ne.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan karanta wannan, kai ka jawo wa kanka. Ban san ka ba, ban san surukarka ba, ban kuma ce taka za ta yi irin halin tawa ba. Idan ta kore ka daga gareji, ko ta sa mawaƙan coci suka yi waƙa da sunanka, kada ka nemo ni a sito. Ni ba ni na ƙera wasan ba, ba ni na ce ka sa sunan mutane a bakin bindiga ba. Kuma kada ka kira ni ranar Lahadi don neman ƙarin bayani. Marigayiya ta ce tunda da ranta ta saye ni, ni zan riƙa kai ta coci.