Ranar da Farfesa Dorina Ta Tsaya a Gaɓa

A wani daji mai tafki ɗaya tak, dabbobi sun taɓa gina wa kansu gidan bincike a gindin wata tsohuwar tsamiya. Suka kafa masa Majalisar Masana, suka naɗa Raƙumin Dawa shugaba, don an ce ya fi kowa hangen nesa. Ba a yi ƙarya ba, yana hango nesa ƙwarai. Abin da ke gindin ƙafarsa ne dai sai an ba shi labari.

Duk gidan ba wanda ya kai Farfesa Dorina suna. Shekara ashirin tana kan aiki ɗaya. Akwai wata sanda mai zane-zane da aka kafa a tsakiyar tafki, kullum da hantsi sai ta kutsa cikin ruwa ta je ta duba zane na nawa ruwan ya kai, ta dawo a rubuta. Abin da ta samu bara war haka shi take samu bana, don haka ta tabbatar wa duniya cewa tafkinsu ba ya ja baya. Ana gayyatarta taro daji-daji, kowane taro da walimarsa, ga Farfesa ba ta raina abinci.

Tana da ɗalibi, wani Kunkuru daga ƙauyen bayan dutse, wanda danginsa suka rako har bakin hanya ranar da zai taho suna cewa ga wanda zai fitar da su kunya. Damina shida ya yi a hannunta. Dokar gidan kuwa ta ce ɗalibin da ya cika damina bakwai malaminsa bai dangwala masa tafin ƙafa a kundin bincikensa ba, a soke sunansa ya kama gabansa. Ga ta bakwai ta kawo kai. In aka tambayi dalilin daɗewarsa sai a yi dariya a ce ai kunkuru ne, sannu ba ta hana zuwa. Ba wanda ya taɓa tambayar inda kundin ya maƙale.

Ga inda ya maƙale. Kunkuru yakan riga Farfesa zuwa tafki, ya yi iyo har wurin sanda ya duba, kuma kullum awonsa ƙasa yake da nata. Da fari zane ɗaya ne tsakani, aka koma biyu, bana har huɗu. Wata rana yana gaɓa, Farfesa ta shiga ruwa, sai ya ji ruwan ya hauro ya jiƙa masa ƙafa. Ta fito, ruwa ya koma. Nan ya gane. Ashe jikin Farfesa ne ke cika tafkin! Tafki na raguwa, Farfesa na ƙaruwa, lissafi na fitowa daidai shekara da shekaru.

To, ya zai yi? Kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. A garinsu ba a ce wa babba ka yi kuskure. Yaro yakan ja kansa cikin ƙoƙo, ya ɗora wa kansa laifin, ya roƙi babba ya zo ya duba masa, babban kuma in mai hankali ne ya san an yi masa hannunka mai sanda. Sau uku Kunkuru yana zuwa gaban Farfesa da wannan.

"Ranki ya daɗe, awona ya ƙi zuwa daidai da naki. Wataƙila idona ne. Ko Malama za ta tsaya a gaɓa wata rana ta ga yadda nake yi, ta gyara mini?"

A zuriyar dorina kuwa wanda bai wangame baki ba bai yi magana ba. Abin da Farfesa ta ji kawai shi ne yaro ya amsa da bakinsa cewa idonsa ba kyau. Ta ce, "Kai dai Allah ya yi dolo. Ni zan tsaya a gaɓa kamar mai jiran kwale-kwale? Je ka kwafi nawa." Shi kuma ya kasa rubuta abin da bai gani ba. Sai ta dinga mayar masa da kundi da kalma biyu a kai: a sake.

Ana cikin haka damina ta faɗi, Dakta Shamuwa ta dawo daga ƙasashen ƙetare kamar yadda ta saba, bana kuma ta zo da sabon ilimi, wai ilimin renon ɗalibai bisa sanin al'adunsu. Tana da wata takarda da aka jera kowace dabba da halinta da maganinta. Ta tare Kunkuru a hanya da fara'a, ta ce ya daina durƙusa mata, ya kira ta Shamuwa kawai, ya kuma faɗa mata duk abin da ke cin ransa. Shekara shida ba wanda ya taɓa tambayarsa haka. Wayyo, sai bawan Allah ya saki baki ya zayyana mata komai, yana roƙonta ta rufa masa asiri.

Dakta ta buga fiffike don murna. "Rufa asiri? Haba! Ai wannan abin shela ne. Gobe akwai majalisa, zan kira ka, ka miƙe ka faɗa a gaban kowa. Kada ka ji tsoro, ina bayanka." Ta tashi sama ta bar shi da baki buɗe.

Akwai wani tsohon Damo a gidan, ba shi da muƙami ko ɗaya, aikinsa shara da wanke sandar awo. Shi ya iske Kunkuru a bakin tafki ya ƙule cikin ƙoƙo yana sheshsheƙa. Bai ce masa fito ba. Ya kwanta kusa da shi kawai, har rana ta juya, har Kunkuru ya leƙo don kansa ya ba shi labari.

Damo ya ce, "Ɗana, gaskiyarka gaskiya ce, kada kowa ya sa ka rubuta wani abu dabam. Amma mai cewa tana bayanka ɗin nan, baƙo raɓa ne. Kaka na yi za ta tashi, kai kuwa ba ka da fiffike, kuma tafin ƙafar Farfesa kake nema, ba nata ba. Magana zarar bunu ce. In ka kunyata Farfesa a gaban majalisa, ko tafkin ya ƙafe ƙurmus za ta ce ruwa na nan. Ita ba jahila ba ce, girma ne ya tare mata ido. Hanyarka ta gida ba ta da laifi, wurin da kake bin ta ne ba daidai ba, don a ɗaki ba abin da zai sa ta tsaya a gaɓa. Gobe ka roƙi a jarraba ka a gaban kowa. In ta shigo ruwa, kai dai ƙirga kawai da ƙarfi. In ka gama ka tambaye ta dalili, ka ja bakinka ka yi shiru. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle dorina."

Washegari majalisa ta cika. Raƙumin Dawa ya buɗe taro. "'Yan'uwa masana, na hango cewa nan da shekara hamsin gidan nan zai zama abin koyi a fagen renon ɗalibai. Saboda haka muna maraba da duk wani sauyi, matuƙar dai bai taɓa yadda muke yi ba. Dakta, bismillah."

Shamuwa ta fito tana taku ɗai-ɗai. "Shugaba, a inda na fito malami abokin ɗalibi ne. Ɗalibi yakan dubi ƙwayar idon malaminsa ya ce ban yarda ba, a tafa masa. An kuma koya mana mu san al'adar kowa. Ga shi a takardata: kunkuru, yana ɓoye kai, dalili tsoro, magani a fito da shi fili. Ban ma buƙaci tambayar kunkuru ko ɗaya ba, an riga an gama binciken a can. Yau zan nuna muku aikin wannan magani da idonku."

Farfesa Dorina ta yi hamma, wadda a wurinta gyaran murya ce. "Shugaba, mu da muka yi karatu lokacin da karatu yake karatu, shekara tara na yi ina ɗauke wa malamina laka kafin ya san sunana. Ban mutu ba, ga ni. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Reno ai wuya ce, wanda bai sha ta ba bai ƙoshi ba. Amma tunda zamani ya zo da abota, a kira mana abokin nawa mu ji."

Aka turo Kunkuru tsakiyar fili. Shamuwa ta raɗa masa, "Ɗaga kai, dubi idonta!" Shi kuwa ya sunkuya har haɓarsa na taɓa ƙasa.

"Allah ya ja zamanin Shugaba. Ranki ya daɗe, Malama. Ni dai ɗalibi ne mai nauyin kai, na wahalar da Malama shekara shida. Kafin a sallame ni ina roƙon alfarma ɗaya. A je tafki, Malama ta tsaya a gaɓa tare da manya, in duba sanda a gabanta. In na yi kuskure ta shigo ta nuna wa majalisa inda na ɓata, don na baya su amfana."

Shamuwa ta rufe ido don takaici. Farfesa kuwa abin nema ya samu, ga damar da za ta nuna wa kowa irin kayan da aka haɗa ta da shi. Majalisa ta ɗunguma zuwa tafki.

Kunkuru ya yi iyo ya kama sanda, ya duba, ya ɗaga murya. "Sha ɗaya, ranki ya daɗe."

"Kun ji ko?" in ji Farfesa. "Sha biyar ne yau, ko a mafarki na sani. Matsa in nuna maka." Ta sa ƙafa cikin ruwa.

"Sha biyu, Malama."

Ta ƙara taku, ruwa ya kai mata ciki.

"Sha uku. Sha huɗu." Ta iso gun sanda. "Sha biyar, ranki ya daɗe. Ga naki ya fito daidai. Malama, me ke kawo haka? Ki koya mini."

Ya ja kansa cikin ƙoƙo. Masu dariya a gaɓa suka haɗiye abarsu, wasu kuma suna janye ƙafa don ruwa ya hauro inda suke tsaye. Farfesa ta dubi sanda, ta dubi gaɓa. Ta ja da baya a hankali tana kallon ruwa na sauka, ta sake matsowa tana kallonsa yana hawa. A gaskiya abin tausayi ne, aikin shekara ashirin yana zubewa a gaban idonta. Amma ba banza ta zama farfesa ba. Ta fito, ta girgije jiki, ta fuskanci majalisa.

"Alhamdu lillahi. Abin da na daɗe ina zargi ke nan. Jiki mai nauyi in ya shiga ruwa, ruwa kan tashi gwargwadon darajarsa. Na bar zancen ne a cikina in ga ko ɗalibina zai lura, don malami na ƙwarai ba ya tauna wa yaro abinci. Shekara shida ina jan sa a hankali, yau ga shi ya kusa isowa. Tafkinmu yana ja baya, jama'a, kuma ni na fara faɗa. Ku kawo kundin."

Aka kawo, ta dangwala tafin ƙafarta a kai har laka ta rufe rabin shafin. Majalisa ta ɗauki tafi. Nan take aka raɗa wa abin suna Ƙa'idar Dorina, aka kafa kwamiti ya duba batun ƙafewar tafki in an gama bikin karramawa. Da aka fitar da takardar binciken, sunan Farfesa ne a gaba, sai na Shugaba don a zamaninsa aka yi, sai na Dakta Shamuwa don ita ta fito da yaro fili. A can ƙasa, cikin godiya, aka ambaci Kunkuru da ya riƙe sanda. Shamuwa ta ce masa ta ji kunyar rashin ƙarfin halinsa, amma ta rubuta a rahotonta cewa magani ya ci. Kaka na yi ta tashi.

Ranar da zai koma gida Kunkuru ya je sallama wurin Damo, ya same shi yana shara. Kunkuru murna yake yi, ba shakka, amma murnar ba ta cika ba.

"Baba, na samu abin da na zo nema, kuma ban rubuta ƙarya ba. Amma wallahi raina na ƙuna. Ni na gani, wata ta ci suna."

"Dole ya yi ƙuna, kada ka bari ya daina," in ji Damo. "Gobe kai ma za a ba ka ɗalibi. In ya ce maka idonsa ne ba kyau, ka tashi ka je ka duba."

"Amma Baba, ya aka yi ka san halinta haka?"

Damo ya jingine tsintsiya. "Ni ne ɗalibinta na farko. A lokacin rabin zane ne kawai tsakani. Na miƙe a majalisa na faɗa tiryan-tiryan, har wani baƙo ya tafa mini. Da aka soke sunana na rasa idon da zan dubi mutanen gida da shi, sai na roƙi tsintsiya. Tashi ka kama hanya, rana na yi."

Kunkuru ya durƙusa ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya saɓa kundinsa ya tafi.

A zamanta na gaba majalisa ta ba Farfesa Dorina lambar gwanar reno, ta kuma ƙara mata sababbin ɗalibai shida. A cikinsu akwai wani Zomo mai kaifin ido da saurin baki, wanda tun ranar farko ya fara tambayar wa ya kafa sandar, kuma me ya sa a nan. Damo ya dube shi sau ɗaya, ya je ya nemo kaba ya fara ɗaura tsintsiya ta biyu.